Sakayyar da Abarshi ya yi wa Ma'azu

Ma'azu kawuna ne, fataucin kanwa yake da takarkari ɗaya, wato san ɗaukar kaya, ya ɗauko daga ƙasar Manga ya sauke kasuwar Gure. Mutum ne marar surutu, in ya so ka, ya so ka har hanji. Ɗansa ɗaya tak, Usmanu, shi ke kama masa lodi tun da bayansa ya fara ciwo.

Da mai garin ƙauyenmu ya rasu, Abarshi da ɗan baffansa Ila suka nemi rawani. Kumandan, Nasaran da ke mulkin Gure, ya ce magidanta su zo bariki, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Kawu ya ajiye fatauci ya bi gida-gida yana lallashi a tsaya bayan Abarshi, har ya ɓata da surukansa. Ranar tsayuwa layin Abarshi ya fi tsawo, aka naɗa shi.

Shekara ta kewayo, kumandan ya ce a kawo samarin da za a kai soja. Abarshi ya leƙa gari kaf, bai ga na bayarwa ba sai Usmanu. Tir!

Kawu ya tafi zauren mai gari, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ke nan gare ni."

Abarshi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ma'azu, in na taɓa ɗan mutanen Ila, gobe suna bariki da ƙara. Kai kuwa nawa ne. Wa zai rufa mini asiri in ba kai ba?" Ya juya ga fadawa yana ta yabon kawu, ya sa aka miƙo goro. Kawu kuma ya sa hannu biyu ya karɓa, har da godiya.

Aka tasa ƙeyar Usmanu zuwa Damagaram, daga nan ko labarinsa. Kawu ya sayar da takarkarin don ba mai ɗora masa kaya, bai ƙara damina uku ba ya rasu.

Abarshi ya zo gaisuwa da babbar riga, yana faɗi da ƙarfi don kowa ya ji, wai ba zai sake samun masoyi irin Ma'azu ba.

Yabawa, matar kawu, ta amsa daga bayan zana: "Ina za ka samu? Ai ka cinye irin."