Tulin Takalma A Ƙofar Zaure

A ƙauyenmu, kusa da Faskari, ba a fara tatsuniya sosai sai an gama tsinkar auduga. Lokacin ne Iya, kakata ta wajen uba, take fito da mazarinta da ɗan kaskon alli bayan an ci tuwo. A hura mata wutar karan dawa a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadinsa da ido. Daga baya na zauna da masu ba da labari a Kumasi, na ga na Omdurman masu kaɗa hannu kamar za su tashi sama, na ji na Ibadan da ke sa waƙa a kowace gaɓa. Iya ba ta waƙa, hannuwanta kuma suna kan kaɗi. Da murya kaɗai take riƙe mu.

"Ga baƙuwa ta taho, wa zai yi mata shimfiɗa?"

"Mun shimfiɗa, ta zauna!" Haka muke amsawa da ƙarfi.

"Maigidana bai amsa ba," in ji ta, tana hararata. "Miji sai ci. Ko ɗankwali bai taɓa saya mani ba."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta masaƙa arba'in. Wai wani attajiri ne mai fataucin tufafi yake ba su zare su saƙa masa, shi kuma ya biya su da dawa, mudu huɗu kowa. Ranar biya ba ya tara su. Ɗaya-ɗaya yake kiransu cikin zaurensa. Mutum ya cire takalma a ƙofa, ya shiga, ya durƙusa. Sai Iya ta kumbura kumatu ta yi muryar attajirin: "Kai, maƙwabcinka hwa mudu biyu ya amsa, har da godiya. Kai wane ne?" Masaƙi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Ya fita da mudu biyu, na bayansa ya shigo, a gaya masa magana iri ɗaya. Kowa yana jin haushin maƙwabcinsa, kunya kuma ta hana kowa tambaya.

Matansu ne suka gano. Sun taru wajen daka, wata ta leƙa turmin wata, ta ga duk rabi-rabi ne. Aka yi ta tone-tone, sai ga shi babu mijin da ya fara yarda da mudu biyu. Kowa an ce masa wani ne.

A nan Iya takan tsayar da mazari, mu kuma mu matso har wuta ta kusa lasar gwiwoyinmu. Ranar biya ta zagayo, ayarin attajiri saura kwana uku ya tashi, tufafin kuma suna hannun masaƙa. Ya leƙo ƙofar zaure zai kira na farko, sai ya ga takalma tuli guda, sun fi dakali tsawo.

"Subhanallahi! Wa ya mutu?"

Babban masaƙan ya ce, "Ba wanda ya mutu tukuna, shi ya sa munka zo."

Kai, dariyar da muke yi a nan! Ƙanena har birgima yake. Attajiri ya ce su tafi, zai kira su ɗaya-ɗaya yadda aka saba. Ba wanda ya motsa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kira wannan da sunan ubansa, ya tuna wa wancan rigar sallar da ya taɓa ba shi. Mutum ɗaya ke magana, sauran suna zaune. Kafin la'asar an tsaya a mudu huɗu, a gaban limami. Sai Iya ta ce, "Mazari ya cika, baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Kowa ya tone dankalinshi."

Ni a lokacin tulin takalman kawai nake jira. Ban san zan durƙusa a wannan zauren da kaina ba.

Ina saurayi na sami aiki a wani kamfanin saƙa a Kaduna. A sashenmu akwai Isiyaku, mutumin Yankara, mai 'ya'ya huɗu. An cire murfin wani inji don ya riƙa gudu ba tsayawa, injin ya cinye masa yatsu biyu. Kamfani ya ce sakacinsa ne, aka sallame shi. Mu goma sha ɗaya da muka ga abin aka fara kiranmu ofis ɗaya-ɗaya, mu sa hannu a takarda cewa murfin yana nan.

Akwai ƙungiyar ƙwadago a kamfanin, amma mu 'yan ƙauyen Katsina ba mu shiga ba. A ganinmu, tsayawa gaban babba a yi ta ciniki da shi rashin tarbiyya ne. Abin da muka iya shi ne mutum ya je shi kaɗai, ya gaida, ya roƙi arziki. Ni aka fara kira. Na shiga da niyyar faɗin gaskiya, manaja ya ce sauran duk sun yarda. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe" ba. Aka ba ni takardar in kawo gobe.

A bakin ƙofa na yi karo da Baba Lasisi, wani dattijon Bayerabe, wakilin ƙungiya a sashenmu, ashe ya ji abin da na faɗa.

"Malam Ba-komai!" in ji shi. "An yanka ku, kun ce an gode?"

"Baba, an ce sauran sun yarda."

"Su wane sauran? Kai ne na farko, ɗan nan!"

Sai na tuna da zauren attajirin Iya. Lokacin hutun cin abinci na tara mutanenmu a gindin wata bishiyar mangwaro, na ba su tatsuniyar Iya tun daga turmi har limami. Ƙattai da gemu suna ta dariya. Wani mutumin Ƙanƙara ya ce mani, "Kai Garba, da tatsuniya za ka maido wa Isiyaku aiki?" Na ce, "To faɗa mani, kai ka yarda?" Ya ce a'a. Na tambayi na kusa da shi, ya ce a'a. Aka zagaya duka, dariya ta ɗauke. A ranar Baba Lasisi ya rubuta sunayenmu a ƙungiya.

Washegari ba mu goma sha ɗaya kaɗai muka je ba, sashen ne gaba ɗaya, injuna suka yi tsit. Baba Lasisi ke magana, ni ina yi wa mutanenmu fassara da Hausa, gumi har cikin idona. Manaja ya ce mu koma aiki, zai gan mu ɗaya-ɗaya. Ya dube ni, ya ce ai ni jiya na yarda. Saura kaɗan in durƙusa. Amma na ji idanun mutanenmu a ƙeyata, na ce, "Ranka ya daɗe, babu murfi a injin nan." Kwana biyu ana zama. Aka rubuta yarjejeniya: a mayar da murafan injuna, a mayar da Isiyaku aiki a sito, kuma ba za a ƙara kiran ma'aikaci ofis kan irin wannan magana ba sai da wakilin ƙungiya a gefensa.

Na yi aiki a ƙasashe bayan nan, na ga yadda kowace al'umma ke neman haƙƙinta. Wasu da ihu, wasu da takardu, wasu da waƙa a titi. Na daɗe ina zaton kunyarmu ce ciwonmu, sai mun yar da ita za mu iya. Yanzu da na tsufa na gane ba haka ba ne. Kunyar da ke ɗaure bakin mutum in yana shi kaɗai gaban babba, ita ce ke hana shi ja da baya in 'yan'uwansa suna kallonsa. Masaƙan Iya ba su zagi kowa ba, ba su daina gaisuwa ba. Wurin zama kawai suka sauya.

Isiyaku ya yi aikinsa har ya yi ritaya, 'ya'yansa huɗu duk sun yi karatu. Yana Damari yanzu wajen babban ɗansa, yana noman masara. Da na kai masa ziyara bara, ya kama hannuna da yatsunsa uku ya ja ni cikin gona, yana ƙwala wa jikokinsa kira: "Ku zo ku gaida mutumin da ya kusa sayar da ni, sannan ya fasa!"