Gidan Sauron da Aka Tace Yashi da Shi

Tun yana saurayi Baba Mai Tamfol yake ɗinkin rufin manyan motoci a bayan tasha, da basilla mai kaurin ƙusa. Da girma ya zo, sai masu gina wata gada suka ɗauke shi gyaran tantunan ma'aikata a bakin kogi. Yatsunsa sun yi kanta har ba sa jin zafin kofin shayi, kuma ba a taɓa ganin ya riƙe abu mai laushi ba.

Mace ɗaya ce a sansanin, matar direba, mai dafa wa ma'aikata abinci. Cikinta ya tsufa, na farin kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya zubar mata da shi. Saboda haka take bin umarnin ungozomar asibiti sau da ƙafa: ta sha maganin rigakafi, tana sa doguwar riga da safa tun la'asar, tana kwana cikin gidan sauro mai magani. Ga shi ruwa ya yanke hanya, babu shiga gari sai kogi ya janye.

Wata safiya ta shanya gidan sauron a inuwa. Ƙanin mijinta, magini, ya gan shi, ya ga idanun ragar sun fi na rariyarsa ƙanƙanta, ya ɗauka ya tace yashin shafe da shi.

"Kai, marar kai!" in ji ta. "Ɗan yayanka za ka miƙa wa sauro?"

"Matar yaya, wallahi na zaci tsumma ne. Amma zo ki ga laushin yashin!"

Ba wanda ya yi dariya. Yashin ya huhhuda ragar, ga shi duk sansanin babu wani gidan sauron.

Baba ya karɓa, ya karkaɗe. "'Yata, ba ni allurarki da tsohon kallabi."

"Baba, wannan allurar ai ɓacewa za ta yi a hannunka."

"In ta ɓace, wannan mai rariyar zai nemo ta."

Ya yi yadda ya saba yi wa tamfol: ya ɗaure shi tsakanin sanduna, ya shiga ciki, ya kwanta daidai inda za ta kwanta, ya fuskanci rana. Duk inda haske ya faɗaɗa, nan ɓula take. Ta tsaya riƙe da ludayi tana kallon waɗannan manyan yatsu suna zaro zare daga kallabin, suna haɗa idanun raga ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ko sili ya tsinke ba. Ma'aikata suka ajiye shebur suka kewaye shi. Maginin kuma, don kunya, ya bi tsofaffin tayoyi da bokitai yana zubar da ruwan da ya kwanta.

Rana na gab da faɗuwa Baba ya fito yana dafe ƙugu. "Sauron da zai shiga yanzu, sai dai da takardar gayyata."

Har kogi ya janye zazzaɓi bai taɓa ta ba. Da ta dawo sansanin da jaririya, Baba ya ɓoye hannayensa a baya, wai kaushinsu zai karce ta.

"Miƙo su, Baba," in ji uwar. "Na ga abin da suka iya."