Ni Ne Baƙin Aljanin

Akwai wani tsohon fim na Hausa da har yanzu ake kallo a wayoyi. Aljana ce ta ga wani tela, ta ce sai shi. Wurin da aka fi yi wa dariya shi ne inda yayanta, baƙin aljani, ya zo zai ja ta gida, sai wasu ƙarti cikin fararen jallabiyoyi suka faɗo ɗakin suka rufe shi da duka. Ni ne aljanin. Dukan kuma ba ya cikin shiri.

Lokacin dako nake yi a tashar motocin Kudai, a Makka. Na zo aikin hajji ban koma ba, ba ni da iƙama, wato takardar zama. Marar iƙama ba ya zuwa asibiti, ba ya kai ƙara, ba ya ɗaga murya. In an kama shi, sai jirgi.

'Yan fim ɗin Umra suka zo daga Kano. Suka kama haya a wani bene, ɗaki mai kujeru ruwan zinariya da labule har ƙasa. Daraktan ya ce ai wannan fadar aljanu ce, a nan za a ɗauka. Na hau musu da kaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, kana dariya kuwa?"

"Ba na yi."

"Madalla. Kai muke nema."

Bayan la'asar suka shafe ni da gawayi da man girki, suka ɗaura mini jan ƙyalle a ka. Aikina in ja hannun yarinyar da ta fito a aljana, ta yi ihu, telan ya kore ni da takalmi.

Na ce, "Alhaji, nan ba Kano ba ce. Mace ba ta ihu a gidan haya."

Ya ce, "Maƙwabtan Larabawa ne, me za su ji? Yanzu za mu gama."

Ba Larabawa ba ne. Benen nan duk jikokin Hausawa ne, haifaffun Makka. Larabci ya fi zama a bakinsu, amma sun san kukan mace da harshen iyayensu.

Na ja hannunta. Ta ƙwalla, "Wayyo Allah! Jama'a ku cece ni!" Ta iya aikinta. Ba ta rufe baki ba ƙofa ta ɓalle.

Na farko ya naushe ni a baki, haƙori ya faɗa mini ciki, na haɗiye. Wani ya kwashe ƙafafuna. Na faɗi kan teburin gilashi, ya fashe a bayana. Suka sa ƙafa a haƙarƙarina. Telan, jarumin fim, ya shige banɗaki ya sa sakata. Yarinyar tana cewa, "Wasa ne! Wallahi wasa ne!" Suka ɗauka tsoro ne ya sa ta. Mai kyamara ya laɓe bayan kujera, bai kashe ta ba.

Ina da ƙarfin da zan kayar da su. Buhunan shinkafa nake ɗauka. Amma in na taɓa ɗan ƙasa, gidan yari ne, daga nan jirgi. Na dunƙule na rufe kaina. Babbansu ya fizgo ƙarfen labule ya sauke mini a hannu. Na ji ƙashin ya ce ƙas.

Wata tsohuwa ce ta tsayar da su, uwar mai ƙarfen. Ta hawo da sandarta tana haki.

"Bas, ya walad! Ya isa!"

Ta dubi kyamarar, ta dubi gawayin da ya ɓata rigar ɗanta, ta dubi yarinyar da kwalliyarta. Ta gane. A daidai nan muka ji jiniya a bakin titi. Wani a benen ya riga ya kira 'yan sanda.

Ta sunkuyo kaina. "Ɗana, kana da iƙama?"

Na girgiza kai.

Ta juya ga ɗanta. "Kai ka karya shi, kai za ka ɗauke shi. Yalla."

Ya saɓa ni a kafaɗa ya sauka da ni gidansu, har ɗakin mata, inda baƙon namiji ba ya shiga. Tsohuwar ta cusa mini gefen matashi a baki. Ina jin takalman 'yan sanda suna hawa, jini yana bin bayana yana jiƙa dardumarta. Aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce mata ne a ciki. Suka wuce sama. Can 'yan fim suka nuna fasfo suka ce rigimar miji da mata ce, an sasanta. Kaset ɗin yana cikin hijabin yarinyar.

Da titi ya yi shiru, ɗan ya tafi unguwar Zahir ya ɗauko wani mai ɗori, mutumin Nijar. Mai ɗorin ya taɓa hannun ya ce sai an danne ni. Wanda ya karya ni shi ya hau ƙirjina. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Na tofar da matashin na ce, "Riƙe da kyau."

Mai ɗorin ya ja.