Dogon Kwarkwaro da Gajere

Har yau idan aka tambaye ni wanne ya fi cin zare, dogon kwarkwaro ko gajere, sai in ce ban sani ba, alhali da hannuna na auna su, ba sau ɗaya ba.

Keken ɗinkina na farko na hannu ne, tsoho tukuf, Baba ya saya mini a Gaya da kuɗin gyaɗa. Ƙoshiyarsa doguwa ce irin ta masaƙa, kwarkwaron da ke cikinta, wanda ake naɗa wa zare, siriri, bai kai tsawon yatsa ba. Abin da ke naɗa masa zare ya lalace tun kafin keken ya zo hannunmu. Baba masaƙi ne, amma yadin kanti ya kashe masa kasuwa, idonsa kuma ya fara yana. Shi ya karɓi naɗin. Kullum da hantsi yakan zauna a zaurenmu a Balan, ya soka kwarkwaro a tsinke yana murzawa a cinya, yana jera mini cikakku a faifai. Aikin da ya rage masa ke nan, kuma ya riƙe shi kamar limanci.

Shekarar da naira ta shigo na ga keken ƙafa wurin wani tela a kasuwar Ajingi. Kwarkwaronsa gajere ne, kewayayye kamar kwabo. Telan ya rantse ya fi nawa cin zare nesa ba kusa ba, ga shi keken da kansa yake naɗawa. Na koma gida da zazzaɓin keken nan, don Sallah na matsowa, ɗinki ya yi mini yawa.

Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kama sunana ba. Da na gama zuba masa labarin keken, sai ya ce, "Kai, ɗan guntun abu ne zai fi dogo? Kawo shi mu gani. In ya fi, ka saya."

Na aro cikakke guda. Baba ya kafa turaku biyu a ƙofar gida yadda yake yi in zai yi wadari, muka warware kowanne muna zagayawa. Dogo ya fi. Na mayar wa telan cikin fushi, ya yi dariya ya ce ai bai cika shi ba, ya ƙara. Muka sake, gajere ya fi. Baba ya ce zaren Ajingi ne siriri. To, muka ɗauki zare iri ɗaya. Baba ya naɗa duka biyun, dogo ya fi. Ni na naɗa duka biyun, gajere ya fi. Kaina ya ɗaure tamau. Malamin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce wani turken ya karkace, aka gyara, abin ya ƙara dagulewa. Rannan har ganin turakun nake suna motsi.

Na shiga gida ina huci. Matata na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, kai a zatonka zare ake aunawa?"

"In ba zare ba, me?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Haushi ya kama ni, don ba na son maganar da ba ta da kai.

A ƙarshe Baba ya gaji da ni. "Saya," in ji shi. "Ƙafarka ce za ta taka, ba tawa ba." Na saya. Washegari da hantsi ya fito da faifansa da tsinkensa ya zauna. Ni kuwa ɗoki ya cika ni, na ce ya tsaya ya ga ikon Allah. Na ɗora kwarkwaro na taka, kafin Baba ya gyara zama kwarkwaron ya cika. Na miƙa masa. Ya shafa da babban yatsa ya daɗe.

"Ya cika," ya ce. Ya ɗauki faifansa ya shiga ciki.

Daga ranar ya daina fitowa zaure. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce lafiya ƙalau. Hankalina ya tashi, na kai masa jiƙo, na rasa inda ciwon yake.

Ana haka, wata safiya na taka, kwarkwaro ya ƙi juyawa. Ɗan zoben robar da ke juya shi ya ɓace. Na kakkaɓe tabarma, na zazzage buhun ƙyallaye, babu. Matata ta ce wataƙila akuya ce. Akuyar da ke ɗaure a bayan rumbu! Ina shirin tafiya Gaya nemo wani, sai na ji ta daga tsakar gida ta ɗaga murya, ita da ko tari ba ta yi kusa da ɗakin surukinta: "Oh ni! Ga ɗinkin Sallah, ga babu mai naɗi."

Can sai ga gyaran murya. Baba ya fito da faifai. "Kai, ina ɗan guntun abin naka?"

Ramin gajeren ya yi wa tsinkensa faɗi, sai da ya naɗa masa tsumma. Ya murza, ya murza, ya ajiye na farko. "Bai kai dogo ba," ya ce, "amma ba laifi." Da rana ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ban je Gaya ba. Duk lokacin da na yi niyya sai in ga babu dalili, haka aka yi shekaru.

Bayan sadakar bakwai ɗin Baba na koma zaure, don mutane na jiran kayansu. Na yaye zanen da na rufe keken, sai ga zoben robar a mazauninsa, an shafa masa man gyaɗa don kada ya bushe. Sai na tuna da matata da maganar akuya. Na ɗora kwarkwaro na taka. Nan take ya cika. Na zauna da shi a tafin hannu har aka kira azahar, ban ɗinka komai ba.