Baba Mai Agogo da Ƙananan Ƙudajensa

Kowace safiya, kafin ya buɗe shago, Baba Mai Agogo sai ya zagaya gindin katanga, inda ya ajiye gwangwani da ɗan guntun hanta. Ya durƙusa, ya kifa kwalba a kan baƙin da suka sauka. Sannan ya zauna, ya manna wa idonsa gilashin da yake duba cikin agogo da shi, ya ƙura wa ƙudan da bai kai ƙwayar shinkafa ba ido. Matarsa takan ce, "Mazan mutane suna kawo nama gida, nawa sai ya raba da ƙuda."

Ranar Asabar masu sha'awar ƙwari kan taru a shagon: direban tasi, ma'aikaciyar jinya, da wani mai walda da ba ya gajiya da ɗaukar hoto. Kowa ya fi son malam-buɗe-littafi. Ƙananan ƙudajen mushe, masu kama da juna, Baba aka bar wa. Shi ya koya musu duba jijiyar fiffike da tsayin ƙafa. Wanda ya gagare shi kuwa, sai ya ce, "Wannan kam ban san shi ba, mu tambayi waɗanda suka fi mu."

Ma'aikaciyar jinyar ce shaidar abin da ya faru bara. A gidan hayarsu akwai wata tela, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ƙananan ƙudaje suka cika mata ɗaki har suka fara shiga na maƙwabta. Aka ce ƙazantarta ce, mai gida ya ce ta tattara kayanta. Ta wanke ko'ina, ta zubar da 'ya'yan itace, amma a banza. Sai ma'aikaciyar jinyar ta kamo 'yan kaɗan ta kai wa Baba.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "'Yata, wannan ba na 'ya'yan itace ba ne, wancan jan ido gare shi. Dubi doron wannan, dubi yadda yake gudu a jikin kwalba maimakon ya tashi. Irinsu mushe suke bi, ko ruɓaɓɓiyar magudana. Mu je in gani."

Ya rufe shago ya bi ta. Magudana lafiya lau take, don haka ya roƙi mai gida a buɗe silin. Mai walda ya hau tsani, ya sauko da mataccen ɓera. Mai gida ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini, kwance kayanki." Telar ta zauna kan ƙullin kayanta tana share hawaye. Da ta tambayi Baba abin da za ta yi masa, ya ce ta dai bari ya ƙara kama ƙuda biyu kafin ta share ɗakin.

Yanzu tsufa ya cim ma Baba, hannu ya fara rawa, ido ya rage, ƙarshen watan nan zai bar wa ɗan ƙanensa shagon.

Baba, kai ne ka tsaya ka duba abin da kowa ke kora da hannu. Kai ne ka hana a yanke wa baiwar Allah hukunci da zato. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu cikin lafiya. Mu kuma da ka koyar, kafin mu ɗora wa wani laifi, mu matso kusa mu duba tukuna.