Scholastica Mai Ɗaga Amare

A bakin titin Abuja, wajen masu doya a Gonin Gora, babu wanda bai san Scholastica ba, kuma da wuya ka sami wanda zai ce maka yana son ta. Ita ma ba ta taɓa neman a so ta ba. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, in ta ɗaga murya sai direban tirela ya leƙo ya ga ko da shi ake. Matafiyi in ya taya doyarta da raini, sai ta kalle shi daga hula zuwa takalmi ta tambaye shi ko a gonar ubansa aka noma. Wasu su zage ta su ja mota, wasu su saya don kunya.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ta zo Kaduna tana budurwa, bayan an binne uwarsu, da ƙaninta Clinton goye a baya. Ubansu ya riga ya daɗe da rasuwa. Dako ta fara yi, tana loda doya a but ɗin motocin mutane, kafin ta sami nata tulin. Wani makanike ya taɓa neman aurenta, ya ce amma sai ta mayar da yaron ƙauye. Amsar da ta ba shi, har yau tsofaffin wurin ba sa maimaita ta a gaban yara. Daga shi babu wanda ya sake gwadawa.

Da tuwo da zagi ta reni Clinton, kuma ba ta rage masa ko ɗaya ba. Ta sa shi makaranta, ta yi jinyarsa, ta yi dambe da wata maƙwabciya a kansa. Sai dai ba ta taɓa bari ya manta ba. In ya ci abinci sai ta tuna masa bayan wa ya ɗauko shi, in ya sa takalmi sai ta tuna masa ƙafar wa ke tafiya a silifas. Gaskiya take faɗa, amma yaro ya girma yana jin gaskiyar nan safe da yamma har ta gundure shi. Da ya sami wuri a wani shagon hoto a unguwar Television ya koyi sana'a, sai ya tattara kayansa ya koma can, ya ce wai saboda nisa.

Clinton yana da ido, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Lokacin da ya buɗe nasa shagon, waya ta riga ta kashe kasuwar masu hoto, kowa mai hoton kansa ne. Sai ya ɓullo da abin da waya ba ta yi wa mutane, wato hoton amarya tana shawagi a iska, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, riga da mayafi na kaɗawa. Dabarar ba ta da wani asiri. Zai kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya ɗauki wurin babu kowa. Sannan a ɗora amarya a kan wani abu, a kunna fanka, ya sake ɗauka ba tare da kyamarar ta motsa ba. In ya koma kwamfuta sai ya haɗa biyun, ya goge abin da amaryar ke kai, ya zana mata inuwa a ƙasa. 'Yan matan Narayi da Sabon Tasha suka yi masa caa, kowace tana son nata kafin ranar aure.

Da kujera ya fara, amma kujera tana danne riga, ba ta kuma iya karkata mutum yadda ake so. Ranar da wata amarya mai jiki ta zame ta fasa leɓe, sai Clinton ya tuna yana da yaya. Haka Scholastica ta shiga sana'ar hoto. Takan sa baƙaƙen kaya, ta durƙusa ta dafa ƙasa a kwantar mata da amarya a gadon baya, ko ta tsaya ta tallabe ta a kafaɗa, ta daskare har sai an ce ya yi. Matar da ta yi shekaru tana saɓa buhun doya, 'yar mutane mai azumin rage ƙiba ba komai ba ce a wurinta. Daga baya Clinton ya goge ta tas, ko ɗan yatsanta ba ya bari.

Gogewar ba ta dame ta ba, aikin ke nan. Abin da ya fara ci mata rai shi ne sunan da yake kiran ta da shi. Yana ƙarami Mama yake ce mata, da ya girma ya koma Yaya. Yanzu a gaban kwastomomi sai ta ji yana cewa, madam, ɗan sunkuya. Ta yi masa magana, ya ce harkar kasuwanci ce, ba za ta gane ba. Ta zage shi har maƙwabcin shagonsa mai gyaran janareta ya fito, amma washegari ta dawo ta sunkuya.

Maganar aurensa ma a bakin wata amarya ta ji, tana kwance a bayanta. Yarinyar da zai aura Hadassah ce, ma'aikaciyar banki, 'yar Baba Istifanus, dattijo a wata coci mai tsauri a Narayi. Scholastica ta ji haushi, amma a ƙarƙashin haushin akwai murna, domin abu ɗaya ta daɗe tana jira a duniya. A bikin mutanensu, in uwar ango ba ta raye, wadda ta rene shi ce ke zama a kujerar uwa a babban tebur. Mai gabatarwa zai kira sunanta a lasifika, ango da amarya su durƙusa a gabanta ta sa musu albarka. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da gida nata. Kujerar nan ce kaɗai take ganin duniya ta ajiye mata, kuma tana son ta so na gaske.

A shago Clinton ya faɗa mata, yana kallon kwamfuta don kada su haɗa ido. Ya ce Anti Irene ce za ta zauna a kujerar. Irene matar wani kawunsu ce na nesa a Barnawa, wadda lokacin da suke kwana a rumfar doya ko ruwa ba ta taɓa aiko musu ba. Ya ce surukansa manyan mutane ne, za a yi jawabi da Turanci, ita kuma ta san bakinta. Da ta matsa masa, sai ya fito da sauran. Ya riga ya gaya wa gidan su Hadassah cewa ita wata 'yar uwa ce daga ƙauye da ke taimaka masa a shago.

Rannan mutanen Television sun sha kallo. Ta kira shi butulu, ta kira shi ɗan da ya ci bayanta ya goge baki, ta lissafo masa cututtukan da ya yi tun daga ƙyanda. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce mata, ba kunya ba tsoro, ranar Talata za a ɗauki hoton Hadassah na allon ƙofar biki, kuma babu wanda ya amince ya ɗaga ta sai ita. Kowa ya ɗauka ba za ta zo ba. Ta zo, don tana son ta ga yarinyar da aka musanta ta saboda ita.

A tsohon layin dogo na Kakuri aka yi, da hantsi. Hadassah ta sauko daga mota da farar riga, kyakkyawa, ba laifi. Ba ta gaida Scholastica ba. Ta dai dubi hannuwanta ta ce wa Clinton ya tabbatar matar nan ta wanke su, don rigar haya ce daga Abuja. Scholastica ta durƙusa a kan tsakuwa.

Clinton ya saba kwantar da amare rub da ciki, kamar masu ninƙaya a iska. Da aka zo kan Hadassah sai ta ƙi, shi ma ya yi saurin cewa a yi na rigingine, ya fi kyau. Aka kunna fanka, ƙamshin suyar wata mai ƙosai ya taso daga tsallake, amarya ta toshe hanci ta yi yunƙurin amai. Da aka koma ɗagawa a kafaɗa, hannun Scholastica ya sauka a ƙugunta. Ta ji ɗamarar roba an ɗaure tam, ta kuma ji abin da ɗamarar ke ɓoyewa, mai tauri, a ƙasan cibiya. Amaren da suka bi ta hannunta suna da yawa, ba ta buƙatar likita.

Daga ƙarƙashin rigar, inda kyamara ba ta gani, ta yi magana a hankali.

"Amarya, wata nawa?"

Jikin Hadassah ya sandare. Clinton yana can bayan kyamara yana cewa ta saki fuska, ta yi murmushi, ta ɗaga hannu sama. Scholastica ba ta sake ta ba, ba ta ko girgiza ba. Ta riƙe ta da kyau fiye da yadda ta taɓa riƙe kowa, har aka gama.

Cocin su Baba Istifanus ba ta wasa da wannan. Amaryar da aka samu da ciki ba ta sa farar riga, ba a ɗaura mata aure a gaban bagadi, a ofishin fasto ake yi a ɓoye, sannan a sanar da horo ranar Lahadi a gaban jama'a. Uban kuma, in dattijo ne, da kansa zai sauka daga kujerar dattawa. Kwamitin aure yana neman shaidar gwajin ciki daga asibiti, an kuma kai musu, Allah kaɗai ya san fitsarin wa aka auna.

Da yamma Scholastica ta sami Clinton a shago, yana cikin goge ta daga hoton. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce ta san gidan Baba Istifanus, ta san kuma ranar da kwamitin ke zama. Ko a kira sunanta a lasifika a matsayin uwar ango, ko ta je ta gaishe su.

Ya fara da musu, ya koma roƙo. Ya ce ta tausaya wa yarinyar, ba ta yi mata komai ba. Ya ce tsohon yana da hawan jini. Har Mama ya kira ta, abin da ya shekara da shekaru bai yi ba, sai ta ji ta ƙara tsanar sa, don ta san dalili.

"Yaya, za ki iya yi mini haka?"

"Ka gwada ni," in ji ta. "Ni ba 'yar taimako ba ce daga ƙauye? Me ya haɗa ni da sirrin gidanku?"

Ko da gaske za ta je, ita kanta ba ta sani ba. Waɗanda suka san ta sun ce za ta je, har ta tsaya a ba ta ruwa. Clinton ma ya san ta, don haka bai gwada ba.

Ranar biki, a wani ɗakin taro a Narayi, Scholastica ta zauna a babban tebur da leshi ruwan goro da ɗaurin kai mai tsayi. An tura Irene tebur na biyu, tana ta kumbura tana fifita da katin gayyata. Dangin amarya suna ta raɗa, suna tambayar juna yaya 'yar aikin shago ta zama uwa. Ta ji su, ba ta damu ba. Da mai gabatarwa ya kira sunanta, ya ce ga matar da ta goyi ango ta rene shi, aka tafa, sai ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, ƙwalla ta cika mata ido, ba ta kuma ji kunyar kowa ba.

Ango da amarya suka zo suka durƙusa. Hadassah ta kafe ido a ƙasa. Scholastica ta ɗora musu hannu a kai ta fara addu'ar da ta daɗe da shiryawa, rabi da Hausa rabi da yarensu. Clinton ya ɗago kaɗan, yana murmushi saboda masu hoto, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin sami kujerarki, ki zauna da kyau. Amma ɗan da ke cikin nan ba zai taɓa jin sunanki ba, ba kuma za ki taɓa goya shi ba."

Ba ta katse addu'ar ba. Ta kai ta ƙarshe, jama'a suka ce amin, aka saki kiɗa. Ta zauna har aka yanka kek, ta ci shinkafarta, ta tashi ta hau keke ta koma Gonin Gora.

Clinton ya ɗauki wani ƙaton ɗan dako daga Kakuri yana ɗaga masa amare, kasuwa kuma tana tafiya yadda take. Scholastica tana nan bakin titi da tulin doyarta, bakinta bai canza ba, sai ma abin da ya ƙaru. In aka taɓo maganar bikin takan ce ita ta zauna a kujerar uwa, duk wanda bai ji daɗi ba ya mutu.

Bayan 'yan watanni wata mata daga Narayi ta tsaya sayen doya, tana cikin zaɓe ta ce mata barka, ta ji matar ƙaninta ta sauka lafiya. Scholastica ta ci gaba da ɗaure buhu, can ta tambaya, kamar ba ta damu ba, ko mace ce ko namiji. Matar ta ce wallahi ba ta tambaya ba, ai ta ɗauka ita ce za ta gaya mata.

Daga Gonin Gora zuwa Narayi ba wata tafiya ba ce, kuma akwai mutane da yawa a kasuwar da za su iya gaya mata in ta buɗe baki. Yanzu abin da aka haifa ya isa tafiya da ƙafarsa. Har yau ba ta tambayi kowa ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin faɗa mata.