Yatsan Yaya Sale da Injin Gurzar Auduga

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kankara. Duk shekara in na zo kan babin yadda Amurka ta bunƙasa da masana'antu, sai raina ya ɓaci, yara kuma ba su san dalili ba. Dalilin yana Daudawa, a tsakar gidanmu, lokacin ina 'yar shekara tara.

Bayan an cire auduga, da magariba, kakarmu Goggo Tabawa kan hura wuta da busassun itatuwan audugar, ta zauna da mazarinta tana kaɗi, mu jikoki muna kewaye da ita. Mace ce mai tsokana. Yayana Sale, ɗan shekara sha huɗu, shi take kira maigidanta, kullum tana mashi gorin ya kasa saya mata goro. Amma akwai mutum ɗaya da bakinta ke mutuwa a gabansa, wato Babanmu. Ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi magana ido da ido. Haka ta taso, haka ta tsufa.

A shekarar ne Baba ya yanke shawarar tura Sale aiki wani gidan gurzar auduga, inda ake ɗaukar yara suna tura auduga cikin inji. Goggo ta ji labarin. Ranar da ta ga Baba ya shimfiɗa buzu a bayan zana yana cin tuwo, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso, na nesa ma ya saurara."

Ta ce wani attajiri ne ya samo masaƙa daga wajen aljanu, mai saƙa da kanta ba dare ba rana. Gari ya cika da tufafi, ko talaka sai da ya yi riga uku. Sai dai in zare ya tsinke, hannun babba ba ya shiga, sai na yaro. Masaƙar kuwa duk zaren da aka ƙulla mata, sai ta cije yatsa ɗaya ladanta. Iyaye suka yi ta kai 'ya'yansu, suna dawowa da riguna. Ran sallah kowa ya sha ado, aka fito fili, sarki ya ce a buga ganga a yi tafi. Aka nemi yaron da zai iya tafi a garin nan, aka rasa.

"To, Goggo, iyayen ba su gani ba ne?" na tambaye ta.

"Sun gani mana, 'yar nan! Idon da riga ta rufe ai ya fi na makaho duhu."

Muka ji Baba ya ajiye akushi, ya yi gyaran murya, ya tashi ya fita. Wallahi ya ji, kuma ya gane. Amma tunda tatsuniya ce aka yi wa yara, ba wanda ya tilasta mashi amsawa. Sale ya tafi ran Asabar. Kafin damina aka dawo da shi hannunsa na dama naɗe da tsumma.

Shekaru bayan haka, a kwaleji, na buɗe littafin tarihin Amurka. Ga layin dogo daga wannan teku zuwa wancan, ga ƙarfe, ga man fetur, ga lantarki, ga biranen da suka tashi kamar an shuka su. Shafi bayan shafi ana yabon attajirai. Can a ƙarshe, a ɗan sakin layi guda, aka ambaci yara ba takalmi suna hawa kan injinan kaɗi suna ƙulla zare tun safe har duhu. Haba! Na rufe littafin. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Funtua ba ta riga marubutan littafin faɗa, kuma ita da maganar yaran ta fara.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Daga baya na haɗa har da Goggo, Allah Ya jiƙanta. Kunyar ɗan fari abu ce mai kyau, ban musa ba, amma da ta keta ta sau ɗaya, ta ɗaga zanan nan ta ce mashi "ban yarda ba", da bai isa ya tsallake maganarta ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, jarrabawa za ta ce su lissafa ci gaba, su lissafa, amma su tambayi hannun wa aka sa a ciki. Kuma ba da tatsuniya nake gaya masu ba.

Yaya Sale yanzu ya yi furfura, yana noman masara a Daudawa. Bai taɓa zagin kowa kan abin ba. Sai dai in ya ja mu salla a gida, aka zauna tahiya, kowa ya ɗaga manuniyarsa, ina ganin shi ma yana motsa ɗan dungun da ya rage mashi.